Sombol ɗin Agha Keramat

Kowace kaka, kafin dusar ƙanƙara ta rufe garin Hamadan, Agha Keramat yakan durƙusa a tsakar gida ya binne albasar sombol, wani fure mai ƙamshi. Sai ta sha sanyi ta ƙoshi a cikin ƙasa, sannan dab da Nauruz, sallar sabuwar shekararsu, ta ɓullo da fure, tun bishiyoyi suna tsirara. Bana ma ya binne, yana yi yana tari. Daga nan bai sake taka waje ba.

Likita ya ja 'yarsa Farangis gefe, ya ce da wuya tsohon ya ga sabuwar shekara. Shi kuwa kullum maganarsa ɗaya ce: "In dai na shaƙi sombol ɗina, zan tafi ba gardama."

Farangis ta yi ta leƙen lambun, ba ko tsiro. Wata safiya ta ɗauki cebur ta fara fasa daskararriyar ƙasar. Turan, ƙanwar mahaifinta, ta fito da butar shayi a hannu.

"Ke, kabarin wa kike haƙa tun mai shi yana numfashi?"

"Amme jan, gwaggona, albasun nan zan kai ɗaki. In suka ji ɗumi za su zaci hunturu ya wuce."

"Babanki ko kyanwa ba ya bari ta taka wurin nan. To ki bar rabi mana, sarkin gaggawa."

Ba ta bari ba. Ba ta san wacce za ta riga fitowa ba, don haka ta tone duka, ta dasa a tukwane, ta jera su gindin murhun gas, bayan labulen da ya kare gadon tsohon.

Da farko abin kamar ya yi. Ganye ya fito, dogo, fari fat, har Farangis ta fara cin abinci da daɗi. Amma kan furen ya maƙale a wuyan albasar, ya ƙi tasowa. Ta ƙara ruwa, ta ƙara wuta. Sai ya yi baƙi, ya yi laushi, in ta taɓa ya manne mata a yatsa.

"Farangis jan," in ji tsohon, yana murza hanci, "ɓera ne ya mutu a ɗakin nan, ko ni ne na fara tun yanzu?"

Ba wadda ta yi dariya. Ya ce a tallafe shi zuwa taga ya ga ko sombol ɗinsa sun leƙo. Farangis da Turan suka ɗaga shi, bai fi nauyin bargonsa ba. Ya daɗe yana kallon ramukan da ƙanƙara ta cika rabi.

"Duka?"

"Duka, Baba."

"Dadash, yayana, kada ka damu," Turan ta yi sauri ta ce. "Yanzu zan sayo maka a kasuwa, manya, masu ƙamshi."

"Ki kai wa maƙwabta." Numfashinsa ya sarƙe, ya jira ya dawo. "Saura kaɗan ne fa, 'yata. Da na lallaɓa na jira su."

Suka mayar da shi gado, ya juya fuska ga bango. Ya daina karɓar miya, ya daina tambayar kwanan wata. Ya rasu ana tsakiyar wanke dardumai na shirin sallar Nauruz, a ɗakin da har lokacin warin bai gama fita ba.