Piyar da Na Ba Mai Gemu

Shekara goma sha ɗaya ina aikatau a gidan Hajiya Mastura a unguwar Ruwais ta Jidda, ban taɓa zaton zan yi wa ƙadangare hidima ba. A garinmu jifansa ake yi. Amma Zaituna, autar Hajiya, ta sayo wani ƙato mai ƙaya a wuya, ta sa shi a akwatin gilashi, har da fitilarsa ta jin ɗumi. Ni na raɗa masa Mai Gemu.

Da za su tafi biki Riyad na kwana goma, Zaituna ta ja ni kicin. Hausarta ta 'yan Jidda ce, rabi Larabci.

"Khala A'i, ganyen jarjir kullum. Kabewa a goge, kuɓewa shwayya, gyare biyar. Bas. Kar ki ƙara komai, amana."

Na ce to, ina dariya a ciki. Ni da na yaye 'ya'ya shida za a koya wa ciyar da ƙadangare?

Kwana uku yana ci. Har na saba da shi, don gidan ba kowa, shi kaɗai ke juyo kai idan na yi magana. Ran na huɗu ya ƙi taɓa jarjir. Ran na biyar ma haka. Hankalina ya tashi. A inda na fito ba a ajiye wa maras lafiya ganye tsura, abin da ya fi daɗi a gida ake nemo masa. Na buɗe firij, na ga piyar Hajiya, wadda ni kaina ban taɓa sa wa a baki ba. Na yanka ta ƙanana, na ba shi da hannuna. Ya cinye tas, ni kuwa har da hamdala.

Washegari na tarar da shi kwance, gemun ya yi baƙi ƙirin, yana buɗe baki yana jan numfashi da ƙyar. Na kira Zaituna a waya.

"Piya? La, la, ya Khala! Guba ce gare shi! In sanyi ya shigo dama yana rage ci, ba ciwo ba ne. Yalla, kai shi wurin likitan dabbobi, yanzu!"

"Zaituna, da wace iƙamar?"

Ta san da umara na shigo ƙasar nan, ba ni da takardar zama, ta san ana tare motoci a hanyar. Na kira Lado direba, ɗan garinmu da ke unguwar Nuzla, ya ce shi ma kwana biyu bai leƙa titi ba, kuma ba zai koma gida a jirgin kamammu saboda ƙadangare ba. Ban ga laifinsa ba. Na sa abaya na je har bakin ƙofa sau biyu, ina dawowa. Ƙadangaren bakin tulu ke nan, yau na ga karin maganar da idona.

Na wanke jarjir sabo, na zauna a gaban gilashin. Kunya da tausayi suka cika ni, na yi kuka kamar an yi mini rasuwa.

Waya ta yi ƙara.

"Khala, ya ci?"

Ganyen na hannuna, na kara masa a baki. Bai buɗe ba.