Wankan Jegon Saloma

A shekarar dubu biyu da huɗu cocinmu na bayan Kadawa ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, amma in kika shiga ranar Lahadi sai ki ɗauka tashar mota ce. Ga Tibi, ga Angasawa, ga Katafawa, ga Inyamurai biyu masu gyaran injin ban ruwa, ga mu 'yan ƙasa da kakanninmu Maguzawa ne. Da Hausa ake waƙa, kowa da irin tasa Hausar, Ubangiji dai yana ganewa.

A nan na san Saloma. Yarinya ce Ba'angasa daga wajen Fankshin, siririya, marar surutu. Mijinta Levi yana lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ya fita da asuba, sai magariba. Ran nan a taron zumuntar mata, cikinta ya tsufa, aka ce mai roƙon addu'a ta tashi. Ta miƙe ta ce haihuwar fari ce, kuma uwarta ta rasu tun tana 'yar shekara tara, ba ta da mai zuwa mata wankan jego. Ta zauna tana share ido da bakin ɗankwali.

Duk muka ce amin. Ni kuwa, Indo, da na yi wa 'ya'yana biyar jego, na ce a raina wannan aikin nawa ne, ba sai na gaya wa kowa ba. Abin da ban sani ba, a kan benci ɗaya da ni akwai mata biyu da suka faɗi haka a nasu ran.

Ta haifi namiji ranar Litinin. Talata da asuba na isa gidan da suke haya da ƙatuwar tukunyata da ganyen darbejiya. Na tafasa ruwa har yana tsalle, na zaunar da ita a kujera, na dinga tsoma ganye ina fyaɗa mata. Na dama kunun kanwa, na tsaya a kanta sai da ta ga ƙasan kwano.

"Ya yi zafi, 'yar nan?"

"A'a, Baaba. Na gode."

Na tafi gonata ina jin daɗi.

Ashe da hantsi Maman Nikolas ke zuwa. Inyamura ce mai shagon kayan miya a Kura, mace mai ƙiba, wadda kowa "kai" ne a bakinta, har matar fasto. A garinsu, in 'ya ta haihu, uwa ce ke tsoma tawul a tafasasshen ruwa ta danna mata ciki, sannan ta ɗura mata farfesun busasshen kifi da doya, mai yajin da ke sa kunne ƙaiƙayi. Da la'asar kuma sai Maman Beauty, Bayarabiya mai ɗinki, ta rufe kekenta ta zo da nata tawul ɗin, da sabulun salo, da manja na murje jariri. Ita ma ta tafasa ruwa. Ita ma ta kawo kwano.

Kowacce ta tambaya ko an yi mata wani abu, sai Saloma ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gode, Mama." To, ai ba ƙarya ta yi ba.

Ni dai na ga yarinya tana yin ja kamar tumatirin da aka shanya a bakin titi, na ce jini ne ke dawowa. Na ga tana kallon kununa kamar za ta yi kuka, na ce kewar uwa ce, na ƙara mata ludayi biyu.

Ranar Asabar aka sako ruwa a layinmu tun da duku-duku. Wanda ya san aikin rani ya san ba a cewa ruwan kanal ya jira. Na tsaya na shayar da albasata, sai da rana ta ɗaga na ɗauki tukunya. Ina shiga zaure na ji ƙamshin kifi. A tsakar gida ga murhuna, duwatsun da na jera da hannuna, an ɗora wata tukunya a kai.

"Maman Nikolas, lafiya?"

"Lafiya lau, Mama Indo. Kai ka zo barka? Shiga, amma kar ka daɗe, zan yi wa yarinyana wanka."

"Wace yarinyar taki? Ni nake mata wanka tun Talata."

"Kai? Da wannan ganye? Akuya ne ita?"

Ban kai ga ba ta amsa ba sai ga Maman Beauty da bokiti a ka. Ranar tana da ɗinkin biki da yamma, shi ya sa ta zo da wuri. Ta dube ni, ta dubi Maman Nikolas, ta dubi tukwane, ta sauke bokitin a hankali ta ce, "Jesu."

Nan fa aka kaure. Na ce duk macen da ba ta sha kanwa ba sanyi zai kama ta har tsufa. Maman Nikolas ta ce kanwa ta wanki ce da dafa wake. Maman Beauty ta ce mu biyun duk ba mu iya riƙe jariri ba, ita ce kullum take miƙe masa gaɓoɓi. Da Hausa ta ƙare mata ta koma Yarabanci, waccan ta koma nata yaren, ni ma na saki irin ta ƙauyenmu wadda rabona da ita tun rasuwar kakata.

Kubra, matar mai gidan, Musulma ce mai haƙuri, tana bakin ƙofarta tana tsince shinkafa. Sai da muka gaji ta ce, "Baaba Indo, ni fa na ɗauka addininku ne ya ce a yi wankan sau uku a rana. Shi ya sa ban sa baki ba. Jiya da la'asar sai da na riƙe Saloma, jiri ya ɗebe ta a bakin rijiya. Itacen mijinta na wata guda kuma ya ƙare tun Alhamis, nawa kuke ƙonawa."

Muka shiga ɗakin a jere kamar masu zuwa neman gafara. Saloma tana zaune a bakin katifa da jariri a cinya, ga kwanuka a ƙarƙashin gado an rufe da faranti. Ashe Levi ke cinye ragowar in ya dawo, shi ma har ya fara roƙon a bar shi haka.

Na ce, "Haba 'yar nan. Bakinki ciwo yake? Da mun kashe ki fa?"

Ta fashe da kuka. Da ƙyar muka ji abin da take cewa. "Baaba, wa zan ce wa ta daina zuwa? Shekara goma sha uku ba wanda ya dafa ruwa saboda ni. Na ji tsoro in na faɗa wa ɗaya, ta yi fushi, sauran ma su ji su ce to ai tana da wata. In tashi ba kowa."

Maman Nikolas ta zauna daɓas a katifar har jaririn ya yi tsalle, ta rungume ta. "Kai wawa ne," ta ce, ita ma tana hawaye. "Uwa yana fushi, amma ba ya tafiya."

Kubra ce ta raba mana gardama, tunda ita kaɗai ce ba ta da tukunya a maganar. Wanka sau ɗaya, da hantsi. Ganye nawa, tawul na Maman Nikolas, jariri na Maman Beauty. Abinci kuwa bi da bi, kuma kowacce ta zo da itacenta.

Washegari bayan sujada muka taru mu uku a bayan ɗaki, muna ta musu a kan ruwan. Ni na ce bai yi zafi ba, Maman Beauty ta ce a surka. Na faki idonsu na tsoma ganye na fyaɗa wa mai jegon a gadon baya.

Saloma ta zabura ta yi ƙara. "Wayyo! Baaba, so kike ki dafa ni? Wallahi in ba a surka ba na tashi!"

Muka dubi juna. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga mana murya ba.

"Ji marar kunya," in ji Maman Beauty, tana dariya tana miƙa hannu ga bokitin ruwan sanyi. "Uwarki kike yi wa tsawa?"

"E ɗin," in ji Saloma. "A ƙara moɗa biyu."

Aka ƙara.