Niƙan Dada

Tun da waƙarsa ta zagaya wayoyin Gombe, Misbahu ya daina cire baƙin gilashi ko a cikin ɗaki. Mu 'yan ƙungiyar mawaƙa da masu zane ta Tudun Wada muna haɗa faifan hip-hop a kan kada mutum ya manta inda ya fito, sai ga shi da baiti na cika baki.

"Wannan ba zai shiga ba," in ji Joda, mai haɗa mana kiɗa.

"Kai dai fara ɗauka," in ji Misbahu.

Ya matsa gaban makirufo ya ware murya: "Ni ne a sama, ba na durƙusa wa kowa!"

Sai wayarsa ta yi ƙara. Yana ganin sunan ya fizge gilashin, ya zube a tsugune, kai a sunkuye, sai ka ce mahaifiyarsa na tsaye a kansa, alhali tana can gida a Nasarawo.

"Na'am, Dada. Ina wuni? Wallahi ban manta ba. Niƙan yana wajen mai inji, yanzun nan zan ɗauko."

Da ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya lura Joda bai tsayar da ɗauka ba.

"Goge shi!"

Joda ya goge baitin tas, ya bar gaisuwar. Da ita faifan ya buɗe.

Yanzu duk inda Misbahu ya hau dandamali, kafin ya buɗe baki jama'a sun haɗa murya: "Ka ɗauko niƙan?"