Inuwar Rumman

"Wa zai lura da rumman ɗaya a cikin lambu guda?"

Haka na ji wani mai tabarau ya ce wa Kawu, ina bayan labule ina dama gam. Dillalin tsofaffin hotunan zane ne, yana sa su a firem ya kai wa masu otal. Kawu ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Tun ranar maganar ta ƙi barin kunnena.

Ɗinkin littattafai Kawu yake yi. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarama, da na gama sakandare kuma ya zaunar da ni a shago ina ninki da shafa gam. Malama Shiru yake ce min, don sai in yini ban ce uffan ba.

Littafin da suke magana a kai na wata tsohuwa ne, gadon mahaifinta. Ƙato, bangon fata duk ya zazzago, ciki kuwa zanen 'ya'yan itatuwa ne da aka yi wa launi da hannu: ɓaure, inabi, tuffa an tsaga ta har ƙwayoyin. Kowane zane da 'yar takarda shara-shara a kansa. Idonta ya yi rauni, da yatsa take bin shafi.

"'Yata, a kan rumman ɗin nan Baba ya koya min launi," ta ce min ranar da ta kawo shi gyara. "A lallaɓa min shi."

Da Kawu ya warware ɗinkin, sai ya daina barin littafin a teburina. A durowa yake kulle shi. Ya sayo sabuwar reza. Na ce wa kaina, to ai kowane mai ɗinki yana sayen reza. Mai tabarau kuma ya kama zarya, da na shigo sai su koma hirar ƙwallo.

Ranar da za ta zo karɓa, Kawu ya miƙo min shi.

"Bangon kawai za ki goge, Malama Shiru. Ba karatu na sa ki ba."

Ya fita amsa waya, na buɗe. Ɗinki tsaf. Ɓaure na nan, inabi na nan. Sai ga wata shara-shara, ba zane a ƙarƙashinta. Na ɗaga ta saitin taga. Tsufa ya sa launi ya kama jikinta: inuwar wani abu mulmulalle, ja-ja, da ɗan kambi a ka.

Ƙila cire shi ya yi zai gyara, ya manta. Ƙila. In na yi magana, a gidansa nake kwana. In na yi shiru, tsohuwa za ta yi ta lalube da yatsa tana zargin idonta.

Sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarta a bakin ƙofa, Kawu na biye.

"Sannu da zuwa, Hajiya! Littafinki ya koma saurayi. Ke, miƙo mata mana."

Na ƙanƙame shi a ƙirji. Muryata ta fito 'yar siririya, amma dukansu sun ji.

"Kawu, ina rumman ɗin?"