Mako Shida Baki a Ɗaure

Kunun ya kai rabin sirinji ke nan sai Ikilima ta leƙo ta kan katanga, ɗankwalinta a hannu, kanta a buɗe.

"Yaya Wasila! Ki zo, Inna ce. Idonta ya juye, ina ta magana ba ta ji na."

Shekara goma sha biyu ke nan Inna Sakinatu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da Wasila, ba ta jin kowa, saboda haka wannan ba labari ba ne. Buɗaɗɗen kan Ikilima shi ne labarin, don matar Ladan ce, ɗan Inna, ko shara za ta zubar sai ta yafa mayafi. Wasila ta ajiye sirinjin a kwano. Ta so ta ce ga ni nan, amma abin da ya fito ta tsakanin haƙoranta ya fi kama da kukan injin niƙa daga wata unguwa.

Yau kwana goma sha tara da aka yi mata aikin muƙamuƙi a Tunis. Tun da aka haife ta haƙoranta na gaba ba su taɓa haɗuwa ba. In ta rufe baki, turamen baya ne kawai ke gaisawa, gaba kuwa a bar taga wadda babban yatsa zai shige. Ba ta iya gatsa gurasa, ba ta iya tsinke zare. A makaranta Ƙofar Dembe ake ce mata, wai kasuwar da ba a rufewa. Ta gama jami'a, ta nemi aiki a ofishin ajiyar takardu, inda ba a bukatar bakin mutum. Sai da ta kai talatin da huɗu sannan likitoci suka yanke ƙashin sama, suka gyara masa zama, suka ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya. Mako shida, in ji su. Suka ba ta wani ɗan almakashi mai gajeren baki ta rataya a wuya.

"In amai ya taso miki, ki yanke wayar nan take, kada ki shaƙe," in ji likitan. "In ba amai ba, ko gobara ake yi kada ki taɓa. Ƙashin bai kama ba. In ya zame, bakinki zai koma yadda yake, ko ya fi."

Ta ja mayafi ta fita. Watan Afrilu ne, an ɗauke wuta tun hantsi, layinsu na unguwar Habbena ba kowa sai wani ɗan kilando da ya kwanta a kan babur ɗinsa a inuwar dalbejiya. Taku goma sha biyu ne daga ƙofarta zuwa ta Inna. Kwana goma da dawowarta gari, ba ta yi su ba ko sau ɗaya. Fuskar ta kumbura kamar ƙwarya, ƙasan idanu ya yi baƙi, leɓen ƙasa ya mutu, miyau na zuba ba ta sani ba. Kullum sai ta ce bari kumburin ya sauka tukuna. Ta aika da kunu, ta aika da dabinon Tunis, ita dai ba ta je ba.

Iyayen Inna Sakinatu daga Kazaure suka taso a ƙafa za su Makka. Suka tsaya a garin nan, lokacin ana ce masa Fort-Lamy, su huta damina ɗaya. Shekara casa'in ke nan zuri'ar tana hutawa. Da kunnen Inna ya toshe, sai ta koma kallon bakin mutane, amma ta ce mutanen yanzu a cikin kumatu suke magana kamar masu ɓoye goro. Bakin Wasila kaɗai take ji, don ta wannan tagar ana ganin harshe yana kai da kawowa. Ta haka Wasila ta zama kunnen Inna. Ita ke faɗa mata abin da likita ya ce, da wanda ya mutu, da wadda ta haihu. Inna kuwa, da haƙoranta huɗu, ita ke tsinke wa Wasila zare in tana ɗinki.

Tsoro ɗaya Inna take da shi, kuma ba ta ɓoye shi. Mahaifiyarta mace ce mai ibada, amma da ajali ya zo hankalinta ya tafi, maganarta ta ƙarshe a duniya ita ce, "Ku kama akuyar nan."

"Shekara sittin tana salla, ta tafi da akuya a baki," in ji Inna. "Ba a samu mai tuna mata kalma ba. Ni kuwa ko an samu ba zan ji ba. Ke za ki zauna gabana, Wasilata, ki faɗa ina gani, in bi ki. Kin ɗauka?"

"Na ɗauka, Inna."

Ran da za ta tafi Tunis ta shiga sallama. Inna ta daɗe tana kallon bakinta.

"To in sun rufe shi, da wa zan yi hira?"

"Mako shida ne kawai. In an kwance zan riƙa wage miki shi har ki ga hanjina. Ki jira ni."

"Ni zan jira. Mai zuwa ɗaukata za ki roƙa."

Ɗakin Inna ya yi zafi kamar tanderu. Fanka a tsaye, kwanon rufi na ƙas-ƙas. Tsohuwar na kwance a gadon ƙarfe, an juya ta gabas, numfashinta na fita da ƙyar, yana tsayawa, yana dawowa. Ikilima ta durƙusa ta kafa baki a kunnenta.

"Inna! La'ilaha illallah! Inna, ki ce!"

Da ƙarfin da take yi, mutanen unguwar Milezi, can ƙarshen gari, ma sun isa su amsa. Inna ko gezau.

"Kalas, shi ke nan, ni na kasa," in ji Ikilima, tana kuka. "Baban yara yana kasuwar Dembe, tarhonsa ba ya shiga. Bari in tura ɗan kilandon nan ya ɗauko shi, in biya in kira Malam. Ki zauna da ita, don Allah."

Ta fita da gudu. Ɗankwalin ya faɗi a bakin ƙofa, ba ta waiwaya ba.

Wasila ta zauna a gefen gadon, ta sauke mayafi, ta kai fuskarta daidai fuskar Inna. Idanun suka buɗe. Suka bi goshin, suka bi kumatun da suka cika, suka tsaya a bakin. Suka daɗe a nan. Babu alamar sani a cikinsu ko kaɗan. Irin kallon da Inna ke yi wa ma'aikatan rigakafi ne.

"Sannu, baiwar Allah," in ji ta, da muryar nan tata ta kurame, mai tashi ba gaira. "Ina Wasila?"

Wasila ta bugi ƙirjinta. Ta janye leɓɓanta iya ƙarfinta, ta faɗi kalmar. A cikin bakinta harshen ya yi duk abin da ya kamata. A waje kuwa, abin da Inna ta gani haƙora ne a datse da waya, da miyau yana gangarowa a haɓa. Ta sake faɗa. Ta ɗaga yatsanta manuni sama. Idanun Inna suka bi yatsan har rufin ɗaki, suka sami ramin ƙusar da ke yoyo tun bara, suka ɗan tsaya a kansa, suka dawo.

Ta kamo hannun tsohuwar za ta miƙe mata nata yatsan. Inna ta janye, don ba ta son baƙi su taɓa ta.

A nan ne hannun Wasila ya kai kan almakashin. Wayoyi huɗu ne, biyu dama, biyu hagu, ta ƙirga su a madubi ya fi sau ɗari. Ta zare igiyar daga wuya. Ta cusa bakin almakashin ta gefen kumatu har ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Sai ta tuna da shekara biyun da ta yi da ƙarafan gyaran haƙora kafin aikin. Ta tuna safiyar da ta farfaɗo a Tunis, harshenta ya laluba gaba ya ji bango a inda taga take. Ta ce a ranta, in an kwance ma wataƙila bakin ba zai buɗu ba. Ta ce wataƙila suma ce kawai Inna ta yi, irin ta watan azumi. Ta ce bari numfashi ɗaya ya ƙara wucewa ta gani. Mai ilimi ce, dalilai ba su yi mata wuyar samu ba.

"A kira min Wasila mana," in ji Inna, a hankali, kamar mai neman a miƙo mata buta. "Ina Wasila?"

Numfashin ya fita. Wasila ta jira ya dawo, almakashi a cikin kumatu. Ta ji kwanon rufi, ta ji tashin babur a waje. Ba ta ji komai daga gadon ba.

Ta zare almakashin. Ta shafe idanun suka rufu. Bakin ne ya ƙi. Haɓar ta saki, haƙoran nan huɗu a waje. Ta tura ta sama, ta sake sauka. Ta san abin da ake yi, ta ga an yi wa mahaifiyarta: kafin jiki ya sandare ake ɗaurewa. Ta ɗauko ɗankwalin Ikilima daga bakin ƙofa, ta ɗan tsaga gefensa da almakashin, ta ja ya yage. Ta zagayo da ƙyallen ta ƙarƙashin haɓa, ta ƙulle a tsakar ka. Ɗaurin ya yi kyau. Ko matan wanka da suka zo daga baya sun yaba.

Ladan ya iso da ƙurar gwanjo a rigarsa. Ya tsaya a kan mahaifiyarsa ya yi salati, ya share fuska da hula, sannan ya juyo.

"Malama Wasila, ke ce a wurin. Ta samu ta yi kalma?"

Mutum ne mai shekara hamsin, amma a lokacin idanunsa na yaron da aka manta a tasha ne. Wanda bakinsa ke ɗaure abu biyu kawai ya rage masa, ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Wasila ta gyaɗa.

"Alhamdu lillahi," in ji Ladan. "Dama ta ce ke ce. Kullum sai ta faɗa."

Kafin la'asar an kai ta. A zaman makoki labarin ya yi ta girma da kansa. Ranar farko Inna ta yi kalma. Rana ta biyu ta yi sau uku. Ran sadakar uku wata mata daga Milezi, wadda ba ta taɓa shiga ɗakin ba, ta rantse cewa da murmushi ta cika. Mata na shigowa suna dafa kafaɗar Wasila.

"Allah yarhamha. Ke kam kin yi zumunci, 'yar'uwa. Allah ya ba mu mai yi mana irin haka."

Ba wanda ya tambayi yadda aka yi kurma ta karanta bakin da ke ɗaure. Wasila na zaune a lungu tana zuƙar shayi ta sirinji, tana amsa addu'a da ka.

Sauran kwana ashirin da uku ta yi su a gida. Kumburin ya sauka, kamar yadda ta yi ta jira. Kullum da azahar in an ɗauke wuta, fanka ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya, sai gidan ya yi tsit, sai ta ji tambayar Inna ta ƙetaro katanga. Ba da faɗa ba, ba da kuka ba. Yadda dai ake neman buta.

Ran da mako shida ya cika ta je wurin wani likitan haƙori a cikin gari, wanda aka haɗa ta da shi tun daga Tunis. Ya sa ta kwanta, ya kunna fitila a fuskarta. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Ta dubi agogon bango. Ko minti ɗaya bai cika ba.

"Buɗe mu gani, madam. Sannu a hankali."

Bakin ya buɗu kamar faɗin yatsa ɗaya, da ciwo. Ya ce ta cije. Haƙoran gaba suka haɗu, ta ji ƙararsu a cikin kanta.

"Aiki ya yi kyau. To, ce wani abu mana. Mutane sukan ce suna son nama."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ta aro.

"Dokta, da a ce na yanke a kwana na goma sha tara fa?"

Ya ɗaga kafaɗa yana wanke hannu.

"Da kin zo mun sake ɗaurewa. Wataƙila ba abin da zai faru. Wataƙila kuma ya zame. Wa ya sani? Me ya sa, amai kika ji?"

"A'a."

"To shi ke nan. Wannan na wuyanki kuma ki jefar, ya gama aikinsa."

Ba ta jefar ba. Ta hau kilando ta koma Habbena, direban na ta yi mata hira da Larabci kan tsadar mai, tana amsawa da ka don sabo. A gida ta tsaya gaban madubi ta faɗi kalmar ba sauti, tana kallo kamar yadda Inna ke kallo. Baki ne mai kyau, irin na kowa. Ba a ganin komai a cikinsa.

Ta fito tsakar gida. Can bayan katanga, Ikilima ta fitar da gadon ƙarfen Inna rana saboda kuɗin cizo, an jingine katifar a bango, ragowar ɗankwalin nan kuwa an wanke an shanya a kan igiya, gefensa a yage. Wasila ta taka turmi ta leƙa ta kan katanga. Ba kowa a gidan. Ta sa yatsu biyu ta janye haɓarta ƙasa, iya inda ciwon ya bari, ta tsaya a haka tana fuskantar gadon, harshenta na motsi.