Mabuɗi na Uku

Ƙarfe goma na safe ne, amma gari ya yi duhu-duhu. Hadari ya taso daga gabas ya tsaya cak, ko iska babu. Muna sauka daga motar haya a bakin Babbar Kasuwa, mahaifiyata Inna Zaliha ta ɗaga kai ta dubi sama.

"Alamin, ɗaga ƙafa. Wannan in ya sauka, bangon nan ba zai kwana ba."

Bangon ɗakinta take nufi, can unguwar Habbena. Ruwan makon jiya ya tsaga shi daga sama har ƙasa, sai da na tokare shi da azara biyu. Magini ya ce ko siminti da sabon tubali, ko ta kwashe kayanta. Ni kuwa ɗinki nake yi da keken aro, abin da nake samu bai wuce na cefane ba. Shi ya sa muka fito neman rance, tare da maƙwabtanmu biyu, Baba Buba mai itace da Iya Hansatu. Inna ce ta biya musu kuɗin mota, ta ce ba a zuwa Akwati ba shaidu.

Kowa banki yake ce wa wurin. Ita har yau Akwati.

*

Shekara goma ke nan, lokacin da aka karya darajar kuɗinmu, sefa, har ya zama ganye a hannun mutane, Hausawan unguwar Ambassatna suka taru a gindin wata bishiyar dogon yaro. Suka sayi akwatin ƙarfe, aka sa masa kwaɗo uku. Mabuɗi ɗaya a hannun Malam Yunusu liman, ɗaya a hannun Alhaji Dawuda mai goro. Na uku kuwa mata suka ce sai Zaliha mai ƙosai, don ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Ba a buɗewa sai ukun sun hallara. Mai neman rance ya zo da maƙwabta biyu su ce sun san shi, a shafa Fatiha, shi ke nan.

Allah ya sa wa abin albarka. Gindin bishiya ya koma shago, shago ya koma ofis, yau ga bene mai gilashi da mai gadi. Malam Yunusu ya rasu, ciwo ya kwantar da Alhaji Dawuda, ɗansa Ja'afar ya zama direkta. Mabuɗin Inna dai yana wuyanta a baƙin zare. Ba wanda ya taɓa tambayarsa.

*

Mai gadi ya tare su Baba Buba a ƙofa, wai ba su da ajiya a nan. Tsofaffin suka tsuguna a jikin katanga. Mu muka shiga cikin sanyin na'ura, muka tarar ana ta rataye tutoci, gobe bikin cika shekara goma.

Sai da muka yi awa guda a layi. Yarinyar da ke bayan gilashi ta yi mana Faransanci, na tsinci abin da na tsinta, sauran ya zube. Da ta ga haka ta juya Larabci.

"Takardar fili?"

"Shaiduna suna waje, 'yata."

"Takarda na ce, Hajja. Ma fi, babu ke nan? To babu dosiye, ba mai buɗe miki fayil." Ta leƙa bayanmu. "Na gaba!"

Na ja gefe na ba na bayanmu wuri. Haka nake tun asali, magana sai na koma gida take zo mini.

Can sai ga Ja'afar yana saukowa daga bene, kwat da wuya ɗaure, waya a kunne.

"Ja'afaru!" in ji Inna, da muryar da take kiran masu sayen ƙosai.

Ya waiga, ya ɗan rusuna, rabin rusunawa. "A'a, Inna. Sannu da zuwa. Lafiya?"

Ta faɗa masa komai, har azara biyun. Yana saurare yana duban agogo.

"Inna, zamani ya sake. Yanzu masu bincike ke zuwa mana. Takarda suke karantawa, ba fuska ba."

"Gidan da nake ciki ubana ya gina shi lokacin da guzurin Makka ya ƙare masa a garin nan. Mai unguwa ne ya shata masa da sanda. Sandar zan kawo maka?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Ranar da za ka karatu Kamaru, wa ya tsaya a gindin bishiya ya ce ya san ka? Wace takarda ka nuna, ban da majina?"

Wani a layi ya ƙyalƙyale da dariya. Ja'afar ya gyara wuyan rigarsa.

"Ki dawo bayan biki, mu ga abin da za a yi."

"To, fita ka gaya wa hadarin shi ma ya dawo bayan biki."

Wayarsa ta yi ƙara, ya bi ta.

*

Muna hanyar fita na gan shi. Akwatin ne, an goge shi an ɗora kan tebur mai jan ƙyalle, don baƙin gobe su ga inda aka faro. Kwaɗo biyu a buɗe. Wasu ma'aikata biyu suna ta fama da na ukun, ɗaya yana cewa a nemo zarto, ɗaya yana cewa guduma ta fi sauri.

Inna ta tsaya. Na ɗauka wucewa za ta yi, ni da ni ne da na wuce. Sai ta sa hannu cikin mayafi, ta ciro zaren ta kanta. Ta tofa bisimilla, ta murɗa. Kwaɗon ya buɗe kamar jiya aka rufe shi. Ba komai a ciki sai ƙanshin tsohon goro.

"Yawwa, ya buɗu!" ɗayan ya ce wa ɗan'uwansa. "Kira direkta."

Ta bar mabuɗin a jiki, zaren yana lilo. A waje Iya Hansatu ta miƙe tana kakkaɓe zane.

"An zo kanmu? Mu shiga mu yi shaidar?"

Inna ta shafa wuyanta inda zaren ya bar sawu, ɗigon ruwan sama na farko ya sauka a bayan hannunta.