Sunan da ke Ƙarƙashin Durowa

Teburin rubutun ya daɗe a gidan Hilda Braithwaite. Na katakon roswud ne, mai duhun ja da baƙaƙen jijiyoyi. Kafin mijinta Wilfred ya rasu, abu ɗaya ya roƙe ta: ta kai teburin gidan adana kayan tarihi na garinsu, a ajiye shi da sunansa. Mutanen wurin suka ce za su karɓa in an tabbatar aikin Josiah Thackray ne, tsohon kafintan garin.

Hilda ba ta damu ba. Kafintocin wancan zamanin sukan rubuta sunansu da fensir a ƙarƙashin durowa in sun gama aiki, kuma ta sha ganin na Thackray a wurin, Wilfred yana haska mata da tocila.

Ranar da za a zo dubawa, ƙanenta Cyril ya zo taya ta shiri. Tun da ya bar aikin jirgin ƙasa hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ta ce ya goge ƙura kawai, ta fita sayo biskit.

Wadda aka turo, Uwargida Pendlebury, ko kallon saman teburin ba ta yi ba. Durowar ta jawo, ta fito sumul ba ƙara. Nan gaban Hilda ya faɗi, don durowar nan sai an yi kokawa da ita take buɗuwa. Da matar ta kife ta, sai ga ƙasan fari fat, yana ƙanshin kakin zuma.

Cyril ya yi bayani yana murmushi. Ya ga tana cijewa ne, sai ya bi ta da samfefa ya shafa kaki. Akwai ma wani zane-zanen datti kamar na fensir a ƙasanta, shi ma ya fita.

"Cyril," in ji Hilda a hankali, "kai ko a maƙabarta aka bar ka, sai ka kankare sunayen mamata."

"To ai yanzu tana buɗuwa," ya ce, amma murmushin ya tafi.

Uwargida Pendlebury ta duba haɗin katakon da makullan. Ta ce aikin ya yi kama da na Thackray, sai dai yaransa da yawa sun koyi hannunsa. Iyakarta ta rubuta ana kyautata zato, su kuma ba su da wurin ajiye zato. Ta sha shayinta, ta ba da haƙuri, ta tafi.

Hilda ta daɗe zaune tana kallon hoton Wilfred. Sannan ta ɗauko fensir, ta miƙa wa Cyril tare da durowar.

"Rubuta sunanka. Kai ne na ƙarshe da ya yi aiki a kanta, gara na baya su san wanda za su zaga."

Ya rubuta. Ta mayar da durowar, ta sa gilashin idon Wilfred a ciki, ta rufe.